Jawabi kan ciwon bwat otomatik: a duba mai da waya kafin a sauke ta



Shugabannin ƙungiya sun ce mu yi magana kan wani abu da ya fara cin kuɗin mutanen Gesheme, watau bwat ɗin mota mai canza kanta, wadda makanikai ke kira otomatik. Mu malaman lekol ne, aikinmu alli da tablo. Abin da za ku ji mun haɗa shi ne daga littattafan da masu ƙera motoci ke bugawa da Faransanci, da kuma zama da munka yi da direbobi da makanikai muna tambaya. Wani zai ji mun ce bitas, wani ya saba da giya irin ta mutanen Nijeriya. Duk abu guda ne, kuma dattawa su kwantar da hankali, wannan giyar ba ta sha ba ce.

Iyayenmu sun san Pijo 404 mai tanti, sun san Landiroba, sun san 504 da anka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Waɗannan duk bwat ɗin hannu gare su. Direba shi taka ambiriyaj, shi sa bitas da kansa, in batir ya mutu yara su tura ta tashi. Bayan faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin kusan kowa, sai anka koma ga kwance na Turai da Amurka masu shigowa ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano, su bi Malanbil su ƙetare gada zuwa Gaya. Da anka rufe gadar a 2023, kaya da yawa sunka koma bin Lome da Burkina, hanya ta ƙara tsawo, kayan gyara sunka ƙara tsada. A Amurka kusan kowace mota otomatik ce, don can anka fara sa ta cikin motocin kasuwa, a Oldsmobile na 1940. To irinsu ne yanzu ɗiyanmu ke turo mana gida, sun shekara ashirin ko fiye, kuma an yi su ne don kwalta da sanyi.

Motar ƙungiya ma tana cikinsu. Kun san ita ke ɗaukar mace mai naƙuda ko wanda maciji ya sara zuwa Tibiri, Dogondutsi ko Dosso in abin ya fi ƙarfin likitan gida. Tun ƙarshen bazara tana jinkirin shiga bitas, kuma an riga an kawo shawarar a sauke bwat a sayo wata. Kuɗin wata bwat, da kawo ta, da ladan mai ɗaurawa, zai kwashe mafi yawan abin da ke cikin asusu, kuɗin da kunka tara da gumi. Ra'ayinmu shi ne kada a taɓa asusu tukuna. Cikin abubuwan da ke sa otomatik ta rikice, da yawa suna waje da ita, kuma duba su ba shi cin kuɗin buhun gero.

Mu fara da yadda take aiki, don wanda bai san hanyar ruwa ba ba shi gyara lambu. Ku zuba ruwa cikin ƙwarya, ku jefa ludayi, ku dama ruwan da hannu. Ludayi zai riƙa juyawa ko da hannunku bai taɓa shi ba. Haka inji ke juya bwat otomatik. Tsakaninsu akwai wani tulu na ƙarfe cike da mai, makanikai na ce mishi kwanbatisar, inji shina dama man, man shina juya bwat. Shi ya sa mota ke tsayawa da bitas a ciki inji bai mutu ba. Bayan tulun akwai famfo mai tura mai da ƙarfi. Man shina bin wani faranti da ke ƙasan bwat, mai ƙananan hanyoyi birjik kamar magudanan ruwa na masu rake a Fadama. Mai lambu shina toshe wannan magudana da hauya shi buɗe waccan, ruwa shi nufi fangalin da yake so. A cikin bwat, wasu ƴan maƙunnai na lantarki ke wannan aiki, ana ce musu solenoyid. Inda man ya nufa, can zai matse wasu faifai masu kama da takarda mai kauri, su kama, bitas ya shiga. Ke nan man bwat shi ne ƙafar direba, shi ne hannunsa, shi ke sanyaya ta, shi ke shafe ta. A bwat ɗin hannu mai shafi kawai yake yi. Wannan bambanci shi ne tushen duk abin da za mu faɗa.

In mota ta fara ciwo, abu na fari shi ne direba shi iya bayani. “Bwat ta lalace” ba bayani ba ne, kamar yaro ne shi zo lekol shi ce jikinsa duka ke ciwo. Da sanyin safiya take yi ko sai ta yi zafi? In an sa D tana daɗewa kafin ta kama, ko kamawa take da duka kamar an buga mata guduma? Inji shina ƙara kuka mota ba ta ƙara gudu? Ta maƙale ne a bitas guda ta ƙi fita? Baya fa, tana zuwa? Akwai fitilar da ta kunna a gaban direba? Allurar gudu tana aiki? A rubuta amsa a kaye, da rana da kilomita. Makanikin kirki in ya ga wannan kaye, rabin aikinsa ya ƙare.

Sai duba mai, kuma nan za mu daɗe, don nan aka fi yin kuskure. Ba a duba man bwat kamar na inji. A yi tafiyar kamar kilomita 10 ko 15 har ta yi ɗumi. A tsaya a wuri mai daidai, ba kan tudu ko gangaren kasuwa ba. A ja burkin hannu, a taka na ƙafa, a bi da sandar bitas ta kowane harafi, P, R, N, D, 2, L, ana ɗan dakatawa a kowane, a maido ta P. Inji shina aiki ake zaro ma'auni, a goge da tsumma mai tsabta wanda ba shi zubar da zare, a maida har ƙarshe, a sake zarowa. Akwai alama biyu, ta sanyi da ta zafi, ta zafi ake dubawa. Haka ake yi wa Toyota, Nissan da mafi yawan motoci. Honda ta bambanta: ita sai an kashe inji, a duba nan take cikin kamar minti guda. Wanda ya duba Toyota da inji a kashe zai ga mai ya yi sama, shi ce lafiya lau, alhali kuwa ya gaza.

Tsakanin alamar ƙasa da ta sama abin bai fi kamar rabin litir ba, amma rabin litir ɗin nan ya isa shi sa famfo shi riƙa shan iska. Alamarsa, jinkiri da safe, da zamewa in an sha kwana ko an hau tudu. Cikawa fiye da kima ita ma ɓarna ce, don ƙarafa za su kaɗa man shi yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse faifai. In mai ya gaza, to ta wani wuri ya fita, don bwat ba ta cin mai yadda tsohon inji ke ci. A shimfiɗa kwali ƙarƙashin mota ta kwana, da safe a ga inda ya ɗiga. Sau da yawa bakin kwanon ƙasa ne, ko robar da ke inda sandunan taya ke fita, ko ƴan tiyo biyu masu zuwa radiyatar.

Bayan awo sai ido da hanci. A ɗiga man kan farar takarda, shafin kaye ma ya isa. Sabon mai ja ne garau kamar zoɓo. In ya koma ruwan ƙasa amma ana ganin takarda ta cikinsa, ya tsufa, shina son canji. In ya yi baƙi shina warin ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya, faifai sun fara ƙonewa. In kuwa ya koma fari-fari kamar an zuba nono cikin zoɓo, ruwa ya shiga. Nan a kashe mota, kada a ƙara ko taku guda. Man bwat shina bi ta wani ƙaramin bututu cikin radiyatar don shi huce, in bututun ya huje sai ruwan inji da mai su gauraya. Hanya ta biyu ita ce tsallake ruwa da damina, don bwat tana da ɗan hanci a sama da take numfashi, in ruwa ya kai can tana da zafi sai ta zuƙe shi. Duk wanda ya san Dallol Mawuri a watan Agusta ya san abin da muke nufi. Ruwa shina ɓamɓare fatar faifai daga ƙarfensu, kuma ba shi ɗaukar kwanaki da yawa.

Yanzu maganar irin man. A bakin hanya za ka ga kwalabe jere, ka tambaya a ce maka “na bwat ne”. Wace bwat? Man bwat ɗin hannu mai kauri ne, mai warin tafarnuwa, irin wanda anka rubuta wa 80W-90. In ya shiga otomatik ya kashe ta. Man inji ma haka. Ko cikin jan man akwai iri-iri. Dexron na kamfanin General Motors ne, ya fito a 1967, kuma Dexron II da III su ne mafi yawan motocin 1980 zuwa ƙarshen shekarun 1990 ke sha. Toyota da yawa na bayan nan suna son wanda anka rubuta wa T-IV, sannan daga wajen 2004 anka fara koma wa WS. Honda tana da nata, Z1 da DW-1. Sai wata bwat da ake kira CVT, wadda ba ta da bitas hawa-hawa, bel ne na ƙarfe tsakanin faifai biyu, tana cikin Nissan da yawa da Corolla na Amurka daga 2014. Ita man ta daban ne gaba ɗaya, in an zuba mata Dexron bel zai zame. Sunan man shina rubuce a kan ma'auni ko a littafin mota. Ku da ke Legas da Yamai, in kuna son yi wa gida alheri, ku karanta sunan, ku sayo galan mai hatimi wanda ba a taɓa buɗewa ba. Man da anka ɗura a kwalba ba wanda ya san kakansa, kuma ƙurar hunturu ta riga ta shiga.

Akwai gardama da muka sha ji a tasha. Wasu sun ce in ka canza wa tsohuwar otomatik mai, mutuwa take. Wasu sun ce ƙarya ne. Kowane ɓangare ya ga wani abu. In faifai sun riga sun cinye, garinsu da ke yawo cikin tsohon mai shina taimaka musu su ɗan kama. Ka zuba sabo mai santsi, sai zamewa ta fito fili, a ce mai ne ya kashe ta, alhali da ma tana kan hanya. Amma bwat ɗin da manta ya tsufa kawai bai ƙone ba, canji shina ƙara mata kwana. Abin da muke ba da shawara shi ne canji mai sauƙi: a kwance kwanon ƙasa, a zubar da abin da ya fito, wanda bai fi litir 3 ko 4 ba cikin 6 zuwa 8 da ke ciki, don sauran shina cikin tulu. A auna abin da ya fito, a maida daidai shi. A wanke rariyar da ke ciki ko a sake ta. Bayan tafiyar wasu makonni a sake yin haka. Kada a yarda a hura mata iska ko a wanke ta da isansi ko gazwal. A ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu, canji duk kilomita 40.000 zuwa 60.000 bai yi yawa ba, ko da an ce muku wai man na har abada ne.

Ranar da za a kwance kwanon, a samu dattijo guda ko ɗan kwamiti shi tsaya a wurin, don kwanon nan shi ne shaida. A cikinsa akwai maganaɗiso. In an ga laushin toka-toka kamar kwalli ya manne mishi, wannan cin yau da gobe ne, ba komi. In an ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da yatsa ke ji, ko baƙaƙen ɓawo kamar na gyaɗar da ta ƙone, to ciwon shina ciki, sai haƙuri.

In mai lafiya lau ne, sai a koma ga lantarki. Motocin da anka yi daga wajen 1990 zuwa yau suna da ƙaramar kwamfuta mai yanke shawarar lokacin canza bitas. Tana sauraron gudun mota, da yadda direba ya taka totur, da zafin inji. In wani cikin masu kai mata labari ya yi shiru ko ya yi ƙarya, sai ta tsorata ta kulle bwat a bitas guda, galibi na 2 ko na 3, don mota ta lallaɓa ta kai gareji. Direba zai ji mota ta yi nauyi wajen tashi, kuma ta ƙi canzawa. Mutane da yawa sun sauke bwat mai lafiya saboda wannan. Gwaji mai sauƙi: a tsaya, a kashe inji, a jira kaɗan, a tayar. In ta dawo daidai na ɗan lokaci sannan ta sake kullewa, a fi zargin waya da maƙunnai. Faifan da ya ƙone ba shi warkewa don an kashe mota an kunna.

A fara da batir. A tsaye shi ba da kamar bolt 12,6, inji na aiki kuwa 13,5 zuwa 14,5. A kankare kan batir, a duba wayar da ta haɗa inji da jikin mota, don hanyar latirit mai tsalle-tsalle tana kwance ta. A duba fiyus. A zare filogin da ke jikin bwat a ga ko laka ko mai sun shiga, a bi waya a ga ko ɓera ya ci, tunda motocinmu kusa da rumbu suke kwana. In allurar gudu ta mutu ko tana rawa a daidai lokacin da bwat ta rikice, kusan an kama ɓarawo: ɗan na'urar auna gudu ne, abin da bai fi babban yatsa ba, ƙusa guda ke riƙe da shi.

Motar da kanta tana faɗin ciwonta ga mai iya saurare. A tsofaffin Toyota fitilar da anka rubuta wa O/D OFF tana ƙiftawa, a Honda harafin D ko D4 ke ƙiftawa. Toyota na kafin 1996 suna da ɗan akwati kusa da inji, in an haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, fitilar za ta ƙirga lamba: 42 na nufin mai auna gudu, 62 da 63 na nufin solenoyid na fari da na biyu. Daga 1996 dokar Amurka ta tilasta wa kowace mota filogi iri guda mai rami 16 ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi a 2001 ga masu isansi. Nan ake sa na'urar da makanikai ke kira baliz, kuma yanzu akwai ƙanana masu magana da wayar salula. P0700 cewa kawai take akwai ƙara a wajen bwat. P0715 da P0720 masu auna juyi ne, P0750 da P0755 solenoyid ne. A rubuta lambar kafin a goge ta. Kuma a sani lamba tana nuna unguwa ne, ba ta nuna gida. Tana iya cewa solenoyid alhali wayarsa ce ta tsinke. Masu Pijo 406 da 307 da ke da bwat AL4 su san cewa an san ta da kulle kanta a bitas na 3, kuma sau da yawa solenoyid masu daidaita ƙarfin mai ake sakewa ta tashi, ba tare da an sauke ta ba.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Al'ada ce a ƙasashenmu makaniki shi cire kalorista, ɗan murfin da ke tsare ruwan inji har shi yi ɗumi, wai don kada mota ta yi zafi. To kwamfutar motoci da yawa ba ta barin bitas na ƙarshe shi shiga sai ruwan ya yi ɗumi. Da sanyin Disamba da Janairu, motar da ba ta da kalorista tana iya tafiya mai nisa tana kuka a bitas na 3 tana shan isansi, mai ita shina zagin bwat. Kafin a zagi bwat a dubi allurar zafi. A kuma tabbata ba direba ne ya danna maɓallin O/D da ke jikin sanda bai sani ba.

Motocin da sunka girmi kwamfuta suna da nasu. Wasu suna da wayar ƙarfe daga totur zuwa bwat. In ta saki, bitas zai riƙa shiga da wuri shina zamewa, in ta ɗaure da yawa, zai yi jinkiri shi shiga da duka. Gyaranta juya noti biyu ne. Tsofaffin Marsandi 190 da W124 suna da siririn tiyon iska mai zuwa jikin bwat, in rana ta busar da shi ya tsage, kowane bitas da naushi zai shiga. Kuma kada a manta da inji kansa. Buji da ya mutu, rariyar iska da ƙura ta toshe, ko famfon isansi mai rauni, duk suna sa mota ta riƙa fizga da neman bitas sama da ƙasa. Robar da inji ke zaune a kai in ta yage, za a ji ƙwal in an sa D ko R, bwat kuwa ba ruwanta.

In an bi duk waɗanga an ga mai ya ƙone, kwano cike da ɓarɓashi, inji na kuka mota ba ta tafiya in ta yi zafi, ko baya ya ɓace gaba ɗaya, to a lokacin ne za a zo gaban ƙungiya a yi maganar kuɗi. Ko a nan akwai hattara. Bwat ta kwance da ake samu a Yamai, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, ba a sayenta da sunan mota kawai. Corolla guda tana iya zuwa da bwat iri biyu ko uku. A kwafi lambar da ke jikin tsohuwar da ta farantin jikin mota, a ɗauki hoton filogi a ƙirga ramukansa. A buɗe kwanon wadda za a saya a gaban mai ita. A zo da ita da tulunta. A yi sharaɗin kwanakin gwaji gaban shaidu, a rubuce. Wajen ɗaurawa a wanke tiyo da bututun radiyatar, in ba haka ba dattin tsohuwar zai shiga sabuwar tun ranar fari. In ruwa ne ya kashe ta fari, radiyatar ma sai an sake. Tulun kuma sai ya zauna har ƙarshe cikin famfo kafin a haɗa da inji, wanda ya matse shi da ƙarfin noti ya fasa famfo kafin mota ta motsa.

Sauran magana ta direbobi ce, da ku masu ba su mota. Babban maƙiyin otomatik zafi ne. Manta shina son zama wajen digiri 80 zuwa 90, in ya wuce 120 shina lalacewa da sauri, robobi su bushe. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu iska kanta tana kai 45 a inuwa. A ɗora wa wannan rairayin Dallol, da buhunan gero, da fasinja takwas a motar mutum biyar ranar kasuwar Lido. Cikin rairayi tulu shina dama mai ba tare da mota ta ci ƙasa sosai ba, duk ƙarfin shina komawa zafi. Don haka kafin a shiga rairayi a sauke sanda zuwa 2 ko L, a rage wa tayu iska kaɗan, a tafi da taku guda ba tsayawa. In ta kafe, kada a yi ta wurga sanda D, R, D, R da totur a ƙasa. Minti biyar na wannan ya fi shekara guda ta kwalta ɓarna. A sauko, a haƙa, a sa kara ko itace, jama'a su tura. A riƙa wanke fuskar radiyatar daga ƙaiƙayi da ƙura, a tabbata fankarta tana tashi. Ƙaramin radiyatar na mai da ake ƙarawa a gaba, ga motar da ke aikin ƙauye, kuɗi ne da ba a yi asararsu ba. Kada a sa R ko P sai mota ta tsaya cik, kuma kada a sa N a gangare don tsimin isansi.

In ta mutu a hanya, kusan duk otomatik ba ta tashi da turi, kada a wahal da yaran gari, a nemo wani batir da wayoyi. In ta ƙi tashi a P, a taka burki a gwada N, don maƙunnin da ke gane wurin sanda shina gajiya. In sanda ta ƙi fita daga P, a sa wani shi duba ko fitilar burki tana kamawa, sau da yawa fiyus ɗinta ne ko maƙunnin da ke bayan feda.

Ja da igiya kuwa shi ne abin da ya fi ba mu tsoro, don shi ne al'adarmu. Famfon mai inji ke juya shi. Inji a kashe, tayu na juya cikin bwat, ƙarafa na gugar juna ba mai. Littattafan da sunka yarda da ja ma sun iyakance shi, galibi kada a wuce gudun kilomita 50 a awa da nisan kilomita 50, wasu ƙasa da haka nesa, wasu sun hana sam. Daga Dosso zuwa Yamai kaɗai kusan kilomita 140 ne. Motar da ta tsaya don fiyus, in an ja ta wannan nisa, da matacciyar bwat za ta isa. Mai jan gaba a ɗaga tayunta na gaba, mai jan baya a kwance doguwar sandar da ke ƙasa a ɗaure ta gefe, in kuwa da hali a ɗora ta bisa babbar mota.

Mun kawo farar takarda da tsumma da abin auna batir. Motar ƙungiya tana ƙofar lekol, an riga an ɗumama ta. Direbobi da ƴan kwamiti su biyo mu bayan an tashi, kowa shi zaro ma'auni da hannunsa shi sansana.